Motar lantarki ta daina karɓar caji a gida: batir ne ko wutar gidan?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina zaune a Hotoro, Kano. Na sayi motar lantarki ta hannu da aka shigo da ita daga China, tun da damina nake cajinta a gida da cajar da ta zo da ita, lafiya lau. Da hunturu ya shigo sai ta fara rigima. Wani lokaci ina jonawa akwatin cajar ya kunna jar fitila, wani lokaci ta fara sai ta yanke, musamman bayan magariba. Da janareta kuwa ko motsi ba ta yi. Filogin ma zafi yake yi. Mai riwaya ya ce babban batir ne ya mutu. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin komai, kada ka ba kowa ko sisi da sunan canjin babban batir. Sana'ata haɗa wutar gidaje da sola ce, a 'yan shekarun nan kuma kafa wurin cajin mota ya shigo cikin aikin, don haka bayaninka ba baƙo ba ne a kunnena. Batirin da ya gaji ba ya zaɓar lokaci. Bai san magariba ba, ba ya bambance wutar layi da ta janareta, kuma ba shi ke sa filogin bango zafi ba. Alamominsa daban suke: nisan da caji ɗaya ke kai ka ya ragu sosai, ko lambar cajin ta faɗo daga 40 zuwa 15 kana cikin tafiya, ko caji ya riƙa tsayawa a lamba guda duk inda ka jona motar. Ba ka ambaci ko ɗaya ba. Abubuwan da ka lissafo duk gidan suke nunawa.

Ɗaya ne daga ciki ba ya jira, wato zafin filogi. Daga yau kada a sake barin motar a jone da dare kowa na barci sai an gyara wurin. Zan zo kansa.

Akwatin da ke tsakiyar wayar ba shi ke yin cajin ba. Ainihin cajar tana cikin motar, ita ke juya wutar AC ta gida ta koma DC da batir ke ajiyewa. Akwatin maigadi ne kawai: ya duba wutar da ta zo, ya tambayi motar ko ta shirya, sannan ya buɗe ƙofa. Idan ka leƙa bakin cajin za ka ga ƙananan ramuka biyu ban da manyan. Ta ɗaya daga cikinsu akwatin ke aika bolt 12. Da an cusa bakin a mota sai ya sauka zuwa 9, idan motar ta shirya ta ƙara jan sa ƙasa zuwa 6, a lokacin ne kake jin ƙaran "ƙas" a cikin akwatin, wuta ta wuce. Ta wannan ramin dai yake gaya wa motar iyakar amfiyar da za ta ja. Ɗayan kuma shi ke shaida cewa bakin ya zauna daidai. To, waɗannan 12 da 9 da 6 da wayar ƙasa ake auna su, wato wayar da ke haɗe da sandar da aka binne a ƙasa, kuma duk ƙarfen jikin motar da ita yake haɗe lokacin caji. Shi ya sa akwati na kirki yake fara neman wayar ƙasar gidan, idan bai same ta ba ya ƙi buɗewa.

A nan zargina ya fi ƙarfi game da jar fitilar. Firji da fanka da talabijin suna aiki ko babu wayar ƙasa, don haka mutum sai ya shekara ashirin a gida bai san ba shi da ita ba. Na sha kwance soket a gidajen da aka kashe wa kuɗi sosai, in tarar da wayar nan mai launin kore da rawaya an datse ta an naɗe a bayan akwatin bango, babban ramin sama ba ya haɗe da komai. Inda aka binne sandar ƙasa ma, sau da yawa guntuwa ce, ta yi tsatsa, ko maƙalin da ya riƙe wayar a kanta ya cinye ya koma gari-gari mai launin kore. Ka lura da lokacin da matsalarka ta fara. Da damina ƙasa a jiƙe take, ko sanda mai rauni tana iya wadatar da akwatin. Daga Nuwamba ƙasar Kano ta fara bushewa, kafin Fabrairu ta zama ƙanƙaram, busasshiyar ƙasa kuwa ba ta wuce da wuta kamar jiƙaƙƙiya. Motar ba ta canza ba, ƙasar da ke kewaye da sandar ce ta canza.

Gwajin farko ba ya cin ko kwabo. Ka juya bayan akwatin, akwai jadawalin da ke nuna ma'anar kowace ƙiftawar fitila. Idan da rubutun China ne, ka ɗauke shi hoto wayarka ta fassara maka. Sannan ka nemo inda aka binne sandar, yawanci kusa da mita, ka kwarara mata bokitin ruwa uku ko huɗu a hankali yadda zai nutse, ka ba shi kamar awa guda ka sake jonawa. Idan jar fitilar ta ɓace, ka gano ɓarawon. Idan ba ka ma ga sandar ba, wannan ma amsa ce.

Bayan nan aikin mai gyaran wuta ne da mitar gwajinsa, a soket ɗin da kake caji. Tsakanin layif da nutural ya kamata a ga kusan bolt 230, tsakanin layif da ƙasa kusan haka nan, tsakanin nutural da ƙasa kuma 'yan bolt kaɗan. Idan layif da ƙasa ya nuna sifili ko wata lamba mai yawo kamar 90 ko 120, wayar ƙasa a katse take. Idan nutural da ƙasa ne ya nuna 230, an juya wayoyin, wasu akwatunan kuma ba sa yarda da hakan. Gyara na gaskiya shi ne doguwar sanda mai rufin tagulla, ko biyu ko uku a ware su a haɗa da waya mai kauri, a wurin da ke da danshi duk shekara, kamar kusa da makwararar ruwan alwala ko inda ruwan esi ke ɗiga. A auna ta da na'urar auna ƙasa, kuma a yi awon da rani, domin sakamakon watan Agusta ruɗi ne. Gishiri da gawayin da aka saba zubawa a ramin suna taimakawa da farko, amma gishirin yana cin sandar da maƙalin, ruwan sama kuma yana wanke shi, saboda haka ba abin da za a binne a manta ba ne.

Akwai dabaru biyu da za a kawo maka, ina roƙonka da girman Allah ka ƙi su. Ta farko, mai gyara zai ɗauki guntuwar waya ya haɗa nutural da ramin ƙasa a cikin soket. Nan take jar fitila za ta mutu, caji ya kama, kowa ya yi murna. Amma ranar da nutural ya tsinke a kan fal, ko ya saki a cikin mita, abin da ba sabon abu ba ne a layukanmu, wutar da ke bi ta firji da fitilun gidan za ta rasa hanyar komawa, ta biyo wannan guntuwar wayar ta hau jikin motar. Motar tana kan tayoyin roba, wutar ba ta da inda za ta sauka sai ta jikin wanda ya taɓa, yaro ne ba takalmi ko mai wankin mota a tsaye cikin ruwa. Ta biyu, akwatuna da adaftoci da ake sayarwa masu maɓallin kashe binciken ƙasa. Ba sa samar da ƙasa, rufe idon akwatin kawai suke yi. Duka biyun gyaran gangar Auzinawa ne.

Batun janareta ɗan'uwan wannan ne. A wutar layi, nutural yana haɗe da ƙasa tun daga taransifoma. A yawancin ƙananan janaretoci kuwa wayoyin biyu a sake suke, babu wadda aka ɗaure da ƙasa. Idan aka auna za a ga kowace tana nuna kusan rabin wutar, wajen 110, tsakaninta da jikin injin. Akwatin ya ga haka sai ya ƙi. Maganin shi ne a haɗa nutural da ƙasa wuri ɗaya tak, a jikin janaretan ko a wurin sauya layi ta ɓangarensa, tare da sandar ƙasa da bireka mai gano yoyon wuta. Wannan ya bambanta da haɗin cikin soket da na hana, domin a tushen wutar ake yin sa. Duk da haka sai wanda ya san aikin ya duba injin tukuna, don akwai waɗanda tsakiyar naɗinsu ke haɗe da jiki, a irinsu haɗin zai ƙona naɗin. Sai girman injin. Mafi ƙarancin abin da mota ke ja amfiya 6 ne, kusan kilowat 1.4, ɗan ƙaramin injin nan na kunna fitila da fanka ba ya cikin lissafi. Wanda zai ɗauki amfiya 8 ko 10 na awanni sai ya kai kVA uku da rabi zuwa sama, kuma ya riƙe gudunsa, don cajar cikin mota tana yankewa idan wutar ta yi ta hawa da sauka. A tada injin ya daidaita sannan a jona, a cire motar kafin a kashe shi. Ni dai a wurina wannan na ranar larura ne. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, wanda ya sayi motar lantarki don ya huta da layin gidan mai, ya koma yana ƙona fetur a janareta don ya cika ta, bai ci ribar komai ba.

Yankewar bayan magariba kuwa labarin raunin wuta ne. A lokacin kowa ya dawo gida, an kunna esi da injin bohol da dutsen guga, taransifomar unguwa ta ɗauki nauyi. Wutarmu 230 ce a takarda, ƙa'idar duniya ta yarda ta sauka zuwa 207 ko ta hau 253. Gidan da ke ƙarshen layi yana iya ganin 180 ko ƙasa da haka da daddare. Ko layin Band A da aka ƙara wa kuɗin wuta a Afrilun 2024, alƙawarin awa 20 na wuta a rana ne, abin da zai iso soket ɗinka kuma ya danganta da nisanka da taransifoma da kaurin wayoyin da ke tsakani. Kowane akwati yana da iyakar da idan wuta ta faɗi ƙasa da ita zai yanke, kuma sau da yawa shi ke riga motar yankewa. Awon da ake yi babu nauyi yana yaudara. Sai mitar gwaji ta nuna 205, a ce ai wuta lafiya, amma da motar ta fara ja ta faɗo 175. A auna a soket ɗin motar tana caji, a kuma auna a bakin mita a daidai lokacin. Idan duka wuraren biyu a ƙasa suke, daga layi ne. Idan a mita akwai ƙarfi amma a soket ta zube da bolt goma sha wani abu, wayoyin gidanka ne ke shanye ta.

Idan daga layi ne, abu mafi sauƙi ka rage amfiyar a akwatin ko a allon motar zuwa 8 ko 6, ko ka mayar da caji bayan sha biyun dare zuwa asuba lokacin da unguwa ta yi shiru. Gidan da ke da layi uku, a auna a ɗora soket ɗin motar a kan wanda ya fi ƙarfi. Sitabilaiza tana aiki, amma ba irin ta firji ba. Mai ƙaran "ƙas-ƙas" tana tsalle daga mataki zuwa mataki, cajar mota ba ta son haka, sai mai juyawa a hankali da ake kira sabo. Kuma lambar da aka rubuta a jikinta ba ita take bayarwa ba idan wuta ta yi ƙasa sosai, tana iya komawa rabi. Sannan ba ta ƙirƙiro wuta, ƙarin amfiya take ja daga layi: cajar bango mai kilowat 7 a wutar 160 za ta ja sama da amfiya 40 ta wayar da ta shigo gidanka. Wasu mitocin kati ma suna da iyakar nauyin da aka saita musu, idan an wuce su yanke su dawo. Idan ka lura duk gidan ne ke ɗaukewa ba motar kaɗai ba, nan za a duba.

Yanzu filogi. Zan iya rantsewa akwai adafta a tsakani. Cajar da ta zo daga China tana da ƙafafu masu faɗi a karkace, soket ɗinmu kuwa irin na Ingila ne mai ramuka uku masu kusurwa, don haka mutane ke sayen farar adaftan nan ta cajin waya su haɗa. A ƙa'idar China, filogin amfiya 10 ana jan 8 ta cikinsa, na 16 ana jan 13. Adaftan nan ba a yi ta don wannan ba, kuma da yawansu ramin ƙasarsu ado ne, ba ya haɗe da komai, ka ga ta nan ma jar fitila na iya fitowa. Dutsen guga yana jan wuta na 'yan mintuna ya huta, mota kuwa awa takwas ko goma take ja ba numfashi. Idan ƙafar filogi ta ɗan saki, turjiya ta kashi ɗaya cikin goma na om kawai a amfiya 13 tana haifar da zafin wat 17 a wurin da bai kai ƙwayar wake ba. Zafin ya sassauta ƙarfen da ke matse ƙafar, sassautawar ta ƙara zafin. Ka cire filogin ka duba da kyau. Za ka ga robar da ke gindin ƙafa ɗaya ta koma ruwan ƙasa, ƙarfen ya yi duhu, da wani wari kamar na ƙonannen kifi. Filogin irin waɗannan cajoji da yawa suna da abin jin zafi a ciki, shi ke sa akwatin ya rage wuta ko ya yanke, don haka wata yankewar da kake gani daga nan take. Saboda wannan ne ma ba na son a datse filogin a sa wani, an jefar da abin jin zafin ke nan. Gara a nemo soket na bango mai kyau da ya dace da ƙafafunsa.

Abin da nake yi wa kowane gida shi ne layi na musamman daga allon rarraba wuta zuwa inda motar ke kwana, babu komai a kansa sai ita. Don amfiya 13 zuwa 16, wayar milimita 2.5 idan kusa ne, ta 4 idan da nisa. Don cajar bango mai amfiya 32, ta 6, ko ta 10 idan tafiyar ta yi tsawo. Tagulla ta gaske, a kankare bakin wayar a gani, don akwai ta alminiyum da aka shafa wa tagulla a sama, idan an kankare sai ta nuna fari. Araha ba ta ado a wannan wurin. A sa masa birekarsa, da mai gano yoyon wuta ta miliamfiya 30, nau'in A idan akwatin yana gano yoyon DC da kansa, nau'in B idan ba ya yi. A ƙara na'urar da ke yankewa idan wuta ta wuce kima ko ta yi ƙasa, mai jinkirta komawa bayan an dawo da wuta. Wannan ta ƙarshe tana da muhimmanci, domin idan nutural ya tsinke a layi uku wuta na iya haurawa kusa da 400, abin da ke ƙona cajar cikin mota ke nan. Wayar jonawa mai naɗi kuwa a bar ta, balle a bar ta a naɗe tana ɗaukar nauyi.

Ga lissafin da zai taimaka maka wajen yanke shawara. Yunit ɗaya na mita kilowat ɗaya ne na awa guda. Batir mai yunit 60, daga kashi 20 zuwa 80, yana buƙatar yunit 36, da asarar hanya kusan 40. A amfiya 10 wannan awa 17 ne ko fiye, a cajar bango ta kilowat 7 kuma kusan awa shida. Mai zirga-zirgar cikin gari, Hotoro zuwa Kantin Kwari ko Sharaɗa da komowa, ba ya buƙatar babbar. Idan kana da sola, rana tsaka ce lokacin motar, daga ƙarfe goma zuwa uku, a amfiya 6 ko 8 gwargwadon faifan da kake da su. Kada ka juye batirin gida mai yunit 5 ko 10 cikin mota da dare, ita ba ta ƙoshi ba, gida ya kwana a duhu. Inbata ma tana da batun haɗin nutural da ƙasa idan ta rabu da layi, mai haɗa ta ya duba.

Ba na cewa motar ba ta iya yin laifi. Na farko a jerin nata shi ne ƙaramin batir mai bolt 12, irin na kowace mota. Shi ke tada kwamfutar motar, shi ke rufe manyan makunnan da ke haɗa babban batir. Idan ya yi rauni, babban yana iya zama lafiya lau amma caji ya ƙi farawa, allo ya cika da gargaɗi kala-kala masu tsoratarwa. Motar da ta yi watanni a jirgin ruwa da tashar Legas tana isowa da shi a galabaice, zafin Kano ya ƙarasa shi. Na ruwan batir idan ya huta ya kamata ya nuna wajen 12.6, ƙasa da 12 ya gaji, idan an kunna motar kuma ya hau wajen 14. Wasu sababbin motocin na litiyam suke sawa, lambobinsu daban, a duba littafin motar. Na biyu, agogon caji. A China wutar dare ta fi araha a wurare da yawa, mai motar na farko yana iya saita ta ta yi caji daga sha ɗayan dare zuwa bakwai na safe. China tana gabanmu da awa bakwai. Idan agogon motar bai canza ba, wannan lokacin a Kano ƙarfe huɗu na yamma ne zuwa sha biyun dare, ka jona da safe ta yi shiru kamar ta mutu. A allon motar dai ake saita iyakar caji a kashi 80, wanda mutane ke ɗauka lalacewa ce.

Sai ƙurar hunturu. Tana shiga ƙananan ramukan nan biyu, tana kuma daskarar da ɗan ƙarfen da ke kulle bakin cajin, motoci da yawa kuwa idan bai kulle ba ba sa fara caji. Ka saurara ko kana jin ƙaran kullewa, ka ɗan tallafi bakin sama ka tura har ƙarshe. Sharewa da busasshiyar iska da burushi mai laushi ne, a cire komai daga wuta, babu ruwa, babu mai, babu tsinken ƙarfe. Idan bakin ya maƙale ya ƙi fita kada a fizge shi, akwai igiyar sakin gaggawa a cikin but ko ƙarƙashin bonet. Sanyi kuwa ka cire shi daga lissafi. Abin da ake rubutawa na cewa sanyi yana hana caji maganar ƙasashen ƙanƙara ce, hunturunmu bai kai nan ba. Zafi ne namu, watan Afrilu da Mayu da ake kai digiri 40. Akwatin da aka yar a kan siminti cikin rana zai rage wuta da kansa, motar da ta shigo daga Kaduna da zafinta za ta karɓi caji a hankali sai batirin ya huce, musamman irin tsohuwar Nissan Leaf da batirinta ba shi da sanyayawar ruwa.

Gwajin da zai raba gardama shi ne canza abu ɗaya a lokaci guda. Ka kai motar da akwatinka gidan da ka san wayarinsa mai kyau ne. Idan ta karɓa har ta cika, gidanka ne. Idan ta ƙi, a gwada akwatin wani a motarka, idan ta karɓa akwatinka ne ya lalace, abu ne mai sauƙin saye. A kula da baki kawai: motocin kasuwar China GB/T ne, na Turai Type 2 da CCS2, irin wanda Hyundai Kona da aka harhaɗa a Legas ke amfani da shi, na Amurka da yawa Type 1 da CCS1. Adaftan AC tsakanin GB/T da Type 2 wayoyi ne kawai. Ta caji mai sauri kuwa kwamfuta ce ƙarama da ke fassara tsakanin tsari biyu, idan ta ƙi aiki ba hujja ba ce a kan motar. Masu motocin Amurka kuma su karanta bayan akwatinsu kafin su jona, wasu na bolt 120 ne kaɗai, wutarmu take ƙona su.

Idan motar ta ƙi AC a ko'ina da kowane akwati amma ta karɓi caji mai sauri na DC, cajar cikinta ce ko wayoyin bakin, domin DC kai tsaye yake shiga batir ba ya bi ta cikinta. Ana gyara ta ko a canza ta, kuma ba ta kusa da kuɗin batir. Idan ta ƙi duka biyun, ƙaramin batir kuma lafiya, musamman in an taɓa kutsawa da ita cikin ambaliyar titi da damina, ana zargin danshi ya sa babbar wutar tana yoyo zuwa jiki, motar kuma tana auna wannan da kanta ta ƙi haɗawa. Daga nan kada kowa ya taɓa wayoyin nan masu launin ruwan lemo, bolt 300 zuwa 400 na DC ne a cikinsu, wasu motocin ma 800. Sai wanda ya koyi aikin, mai safar hannu ta musamman da kwamfutar da ke karanta irin motarka. Ka ce ya nuna maka abu uku a allo: lambobin kuskuren da motar ta ajiye, kason lafiyar batirin, da tazarar bolt tsakanin ƙwayar batirin da ta fi ƙarfi da wadda ta fi rauni. Ko an sami rauni a nan, a batiran da aka jera rukuni-rukuni ana iya canza rukunin da ya gaza kaɗai, waɗanda aka manne ƙwayoyinsu gaba ɗaya a jikin akwatin ne ke da wuyar buɗewa.